Jocelyn Alo da Wasan da Ƙololuwarsa Take a Jami'a

A yawancin wasannin da suka shahara a duniya, makaranta wurin share fage ce kawai, domin suna da dukiya da taron 'yan kallo duk suna jiran ɗan wasa ne a ƙungiyar ƙwararru da zai koma daga baya. A wasan sofbol na mata a Amurka kuwa, lamarin a juye yake. Filin da ya fi kowane cika, da gasar da gidajen talabijin suka fi nunawa, da masu horarwa mafi ƙwarewa, duk na jami'o'i ne, kuma ranar da 'yar wasa ta gama karatu, galibi tana da shekara 22 ko 23, ita ce ranar da take sauka daga babban dandali zuwa ƙarami. Rayuwar wasan Jocelyn Alo, wadda ta buga wa Jami'ar Oklahoma daga 2018 zuwa 2022, ta isa misali ga mai son fahimtar yadda wannan tsari yake gina gwana, da kuma yadda yake rasa inda zai kai ta bayan ya gina ta.

Sofbol ɗan'uwan besbol ne, kuma tsarinsa bai da wuyar ganewa. Ƙungiyoyi biyu ne suke karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaro har turmi bakwai. Mai jifa tana tsayawa a tsakiyar fili, ƙafa 43 daga mai bugu, wato kimanin mita 13, ta wulwula hannunta ta sako ƙwallon daga ƙasa, ta gefen cinya. Mai bugu tana riƙe da kulki, idan ta sami ƙwallon sai ta ruga ta bi tashoshi uku da ke jere da tazarar ƙafa 60 tsakanin kowace biyu, in ta dawo inda ta taso ba a fitar da ita ba, ƙungiyarta ta sami maki ɗaya. Bugu mafi daraja shi ne wanda ƙwallon ya tashi sama ya ƙetare katangar filin, wadda take nesa da mai bugu da kimanin ƙafa 200 zuwa 220, domin a lokacin babu mai tsaron da za ta iya komai: mai bugun da duk abokan wasanta da ke tsaye a tashoshi za su zagayo gida su ci maki. Wannan bugun ƙetare katanga shi ne sana'ar Alo, kuma ta yi shi sau 122 a shekarunta na jami'a.

Kafin a san nauyin wannan adadi, sai an san wahalar aikin. Gwanayen jifa a matakin jami'a suna sako ƙwallo da gudun da ya kai kilomita 105 zuwa 115 a awa, kuma saboda kusancin tazarar, ƙwallon yana isa wurin mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A cikin wannan ƙiftawar ido za ta gane ko jifar mai tasowa sama ce, ko mai nutsewa ƙasa, ko mai karkata gefe, ko kuma ta yaudara wadda aka rage mata gudu da gangan, sannan ta yanke shawarar kai bugu ko ƙyalewa. Shi ya sa wadda ta yi nasarar bugu sau 4 a cikin kowane yunƙuri 10 ake lissafa ta a sahun fitattu. Alo ta gama jami'a da nasarar kashi 44.5 cikin ɗari, kuma a shekararta ta ƙarshe ta kai kashi 51.5, wato yunƙurin da take yin nasara ya fi wanda take faɗuwa yawa. Masu bugu da ƙarfi yawanci suna yawan kuskure, masu yawan samu kuma bugunsu gajere ne. Haɗa abubuwan nan biyu shi ne abin da ya bambanta ta da sauran.

An haifi Alo a watan Oktoba na 1998, ta tashi a Hau'ula, wani ƙaramin gari a gaɓar arewa maso gabashin tsibirin O'ahu a jihar Hawai. Mahaifinta ne ya fara horar da ita tun tana ƙarama, yana jefa mata ƙwallo tana bugawa ɗaruruwa a kowace rana. A sakandare ta yi kokawa har ta ci kambun jiha, kuma ba abin mamaki ba ne a ga amfanin hakan a bugunta, domin ƙarfin bugu daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa kafin ya isa hannu, kamar dai yadda ƙarfin kaye yake. Sai dai ƙarfi kaɗai ba ya kai yarinya jami'a. Masu farautar 'yan wasa na manyan jami'o'i ba su cika dogara da wasannin sakandare ba, sun fi zuwa gasannin ƙungiyoyi masu zaman kansu da ake yi lokacin hutun bazara, waɗanda cibiyarsu mafi ƙarfi take kudancin Kalifoniya. Iyaye ne suke ɗaukar kuɗin rajista da sufuri da masauki da kayan wasa, kuma ga yarinyar da ke zaune a tsibiri a tsakiyar tekun Fasifik, wannan yana nufin tafiyar jirgin sama ta awa biyar da zaman makonni a wata jiha a kowace shekara. Alo ta bi wannan hanya. Wasan yana da ƙofar da kuɗi ke buɗewa tun kafin a zo maganar baiwa, kuma wannan wani ɓangare ne na labarin da masu yabon tsarin suke yawan tsallakewa.

Abin da iyalai suke nema da wannan ɗawainiya shi ne gurbin karatu da tallafi, kuma asalin wannan gurbi doka ce. A 1972 majalisar dokokin Amurka ta zartar da sashen dokar ilimi da aka sani da Title IX, wanda ya haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Da yake jami'o'i suna kashe dukiya mai yawa wajen ƙwallon ƙafar Amurka ta maza, wadda ƙungiya ɗaya take ɗaukar 'yan wasa fiye da ɗari, dole ta sa suka buɗe ƙungiyoyin mata don daidaita lissafi, kuma sofbol yana cikin wasannin da suka fi cin gajiyar hakan. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya gasar sofbol ta ƙasa a 1982, kuma tun daga 1990 ake buga zagayen ƙarshe a birnin Oklahoma, in ban da shekarar 1996. A zamanin Alo, doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiya tallafin karatu na mutum 12 kacal, wanda ake gutsuttsurawa tsakanin 'yan wasa kusan ashirin, saboda haka da yawa daga cikinsu rabin kuɗin makaranta ko ƙasa da haka suke samu.

Jami'ar Oklahoma, wadda take garin Norman, ta riga ta zama gagarabadau kafin isowar Alo. Mai horarwa Patty Gasso tana jan ragamar ƙungiyar tun kakar 1995, ta ci kofin ƙasa a 2000 da 2013 da 2016 da 2017, kuma a ƙarƙashinta ne Lauren Chamberlain ta kafa tarihin bugun ƙetare katanga 95 tsakanin 2012 da 2015. Alo ta shigo a 2018 ta buga 30 a shekararta ta farko, adadin da babu wata sabuwar shiga da ta taɓa wucewa kafin lokacin, sai nan take aka fara lissafin yaushe za ta kama Chamberlain.

Shekara ta biyu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, ko da yake ita ce aka fi saurin wucewa a labarinta. A 2019 adadin ya sauko zuwa 16. Dalili na farko na fasaha ne: a matakin jami'a kowace ƙungiya tana da faifan bidiyon abokan hamayya, kuma bayan shekara guda masu jifa sun riga sun san inda mai bugu take so da inda take ƙi, sai su daina kawo mata ƙwallo ta inda ta saba. Dalili na biyu kuwa a zuci yake. Yarinya 'yar shekara ashirin da aka gaya mata cewa tarihi yana jiranta takan shiga fili da nufin fitar da kowane ƙwallo waje, kuma mai wannan nufi ita ce ta fi sauƙin yaudara, domin tana kai bugu ga jifar da ya kamata ta ƙyale. A tsakiyar kakar, Gasso ta ɗauki matakin da masu horarwa kaɗan ne suke da ƙarfin halin ɗauka: ta cire tauraruwarta daga wasa da atisaye na ɗan lokaci, ta bar ƙungiyar ta buga wasu wasanni ba tare da ita ba, ta umarce ta da ta koma rayuwar ɗaliba kawai. Ana iya kallon hakan a matsayin horo, amma abin da ya biyo baya ya nuna magani ne. A ganina wannan shi ne amfanin da tsarin jami'a yake da shi wanda ƙungiyar ƙwararru ba ta da shi, domin mai horarwar da ta san 'yar wasa tana hannunta na shekaru huɗu, kuma kujerarta ba ta rawa, tana iya sadaukar da mako biyu don ta ceci shekaru uku.

Annobar korona ta katse kakar 2020 a watan Maris, Alo tana da bugun ƙetare katanga 8, sai hukumar NCAA ta yanke cewa wannan shekarar ba za ta shiga lissafin shekaru huɗun da doka ta ba kowane ɗan wasa ba. A 2021 ta buga 34, aka zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i ta ƙasa, ƙungiyarta kuma ta buga 161 a jimla, wanda ya zama sabon tarihi. Kofin na wannan shekara bai zo da sauƙi ba: a wasan farko na zagayen ƙarshe Jami'ar James Madison, wadda ba a sa ta a lissafi ba, ta doke Oklahoma ta hannun mai jifarta Odicci Alexander, sai da Oklahoma ta bi doguwar hanya ta cinye wasannin da in ta faɗi ko ɗaya ta fita, sannan a wasan ƙarshe mai karo uku da Jami'ar Jihar Florida ta sha kashi a karo na ɗaya kafin ta ci biyun da suka rage. A karo na biyun nan, bugun Alo a turmi na shida ne ya juya wasan.

Alo ta shiga kakar 2022 da bugun ƙetare katanga 88, ta kama adadin Chamberlain a watan Fabrairu, daga nan sai abu ya tsaya cik har kusan mako uku. A dokar wasan, idan mai jifa ta yi jifa huɗu a wajen da'irar da aka yarda mai bugu kuma ba ta kai bugu ba, za a ba mai bugun tashar farko kyauta. Babu mai jifar da take so a riƙa ambaton sunanta a matsayin wadda aka karya tarihi a kanta, saboda haka ƙungiya bayan ƙungiya suka riƙa jefa mata ƙwallo nesa da gangan, suna gwammace ta tafi tashar farko a banza da ta fitar da ƙwallo waje. 'Yan kallo sun yi ta ihun cewa wannan tsoro ne, amma a lissafin mai horarwa dabara ce mai ma'ana, kuma ita ce shaida mafi ƙarfi ta girman mai bugu. Abin da ya dace a yaba shi ne Alo ba ta koma halinta na 2019 ba. Ta ƙi bin jifar banza, ta karɓi tashoshinta na kyauta. Ranar 11 ga Maris, 2022, a birnin Honolulu, a wasa da Jami'ar Hawai, a gaban danginta da mutanen jiharta, ta buga na 96. Ta gama kakar da 34, Oklahoma ta ci wasa 59 ta faɗi 3, ta doke Jami'ar Texas a wasan ƙarshe da maki 16 da 1, sannan 10 da 5, aka kuma ba Alo kyautar gwarzuwar gasar.

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan adadin 122, kuma ba duka ne na hassada ba. Na farko shi ne ta buga kaka biyar alhali Chamberlain huɗu ta buga, kuma rauni ya cinye wa Chamberlain wani ɓangare na kakar 2014. Amsar wannan lissafi ne mai sauƙi: a cire 8 ɗin kakar korona gaba ɗaya, saura 114 a cikakkun kakanni huɗu, wanda har yanzu ya zarce 95 da nisa, ya kuma zarce 100 ɗin da Pete Incaviglia ya kafa a besbol na maza a jami'o'i. Na biyu ya fi nauyi. Mafi yawan lokaci Alo tana shiga ne a matsayin mai bugu kawai, ba ta fita tsaro, domin dokar sofbol ta yarda a ware mutum ɗaya don wannan aiki, saboda haka ba za a kwatanta ta kai tsaye da wadda take tsare fili turmi bakwai kuma ta yi bugu ba, balle da masu jifa irin su Cat Osterman ko Monica Abbott waɗanda su kaɗai suke iya ɗaukar ƙungiya. Na uku kuma shi ne ba ita kaɗai ba ce abin tsoro a jerin masu bugun Oklahoma: da Tiare Jennings kusa da ita, wadda ta buga 27 a 2021 da 29 a 2022, kauce wa Alo ba ya nufin an tsira, kuma hakan ya tilasta wa masu jifa su fuskance ta fiye da yadda suke so. Shaidar ƙarfin ƙungiyar ita ce bayan tafiyarta ta ci kofin 2023 da nasara 61 da faɗuwa 1, ta sake ci a 2024. Hukuncin adalci shi ne Alo ita ce mai bugu mafi haɗari da wasan jami'a ya gani zuwa lokacin da ta gama, amma tambayar wace ce 'yar wasa mafi girma tambaya ce daban.

To, ina mace irin wannan take zuwa bayan ta gama? Gasar ƙwararru ta National Pro Fastpitch, wadda aka fara a 2004, ta rufe a 2021 bayan korona ta hana ta kakanni biyu, kuma ko a lokacin da take raye albashin yawancin 'yan wasanta na watannin bazara ne kawai, ba ya riƙe mutum shekara. Da Monica Abbott ta sa hannu a kwantiragin dala miliyan ɗaya na shekara shida a 2016, abin ya zama labari ne saboda babu irinsa, kuma ita kanta ta daɗe tana buga wa ƙungiyar kamfanin Toyota a Japan, inda kamfanoni suke riƙe da ƙungiyoyin mata. Gasar Olamfik ma ba ta zama madogara ba: an buga sofbol daga 1996 zuwa 2008, aka cire shi, aka dawo da shi a gasar Tokyo inda Japan ta doke Amurka da 2 da nema a wasan ƙarshe, aka sake cire shi a gasar Paris ta 2024. Alo ta shiga sabuwar gasa mai suna Women's Professional Fastpitch a matsayin wadda aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasa a 2022, gasar da ta fara da ƙungiyoyi biyu kacal, kuma Chamberlain ce shugabarta a lokacin. Daga baya ta buga wa ƙungiyar Oklahoma City Spark, a 2024 kuma ta sa hannu a kwantiragin wata ɗaya da Savannah Bananas, ƙungiyar besbol ta nishaɗi da raha. Cewa mai riƙe da tarihin bugu ta fi samun taron jama'a a wasan raha na maza fiye da a gasar ƙwararru ta wasanta, wannan kaɗai ya bayyana girman giɓin.

Ba rashin masu kallo ne ya jawo haka ba, domin a 2021 wasannin zagayen ƙarshe na sofbol sun ja matsakaicin masu kallo fiye da miliyan ɗaya a talabijin, sun ma fi na besbol ɗin maza a wannan shekarar, filin birnin Oklahoma mai ɗaukar mutum 13,000 kuma yana cika. Matsalar ita ce soyayyar 'yan kallon ta makaranta ce. Mutumin Oklahoma da ya yi karatu a jami'ar, ko ubansa ya yi, zai bi rigar ƙungiyar ko wace ce ta sa ta, kuma idan Alo ta tafi zai koma kan wadda ta gaje ta. Ga kuma abin da ba a gani: filaye da likitoci da sufuri da albashin masu horarwa duk suna fitowa ne daga baitulmalin sashen wasanni na jami'a, wanda ƙwallon ƙafar Amurka ta maza da gudummawar attajirai suke cikawa. Oklahoma ta buɗe sabon filin sofbol a 2024 da ya ci kusan dala miliyan 48, abin da babu ƙungiyar ƙwararru ta mata da za ta iya ginawa daga kuɗin tikiti. Ƙungiyar ƙwararru dole ta nemo duk wannan daga kasuwa, kuma babu dokar da ta tilasta wa kowa ya tallafa mata.

Alo ta zo ne a kan gaɓar sauyi. Sai ranar 1 ga Yuli, 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, wato kaka ɗaya kawai ta mora, lokacin da kasuwar ba ta kankama ba. Shekara biyu bayan tafiyarta, a 2024, mai jifa NiJaree Canady ta bar Jami'ar Stanford ta koma Texas Tech a kan kuɗin da ya ɗan haura dala miliyan ɗaya na shekara guda, daga ƙungiyar attajiran da ke tallafa wa jami'ar, kuma a 2025 ta kai makarantar wasan ƙarshe na ƙasa a karon farko, bayan ta fitar da Oklahoma, kafin Texas ta doke su. A wannan shekarar ce kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko, ko da yake kaso mafi tsoka yana tafiya ga ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando na maza. Duk wannan ci gaba ne ga 'yan wasa, amma a lura da inda kuɗin ya sauka: a jami'a ne, inda dama ƙarfin yake, don haka tazarar da ke tsakanin shekarun karatu da na bayansu ƙaruwa ta yi.

Yunƙuri mafi ƙarfi na cike giɓin shi ne gasar Athletes Unlimited Softball League, wadda ta fara a 2025 da ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashin Kim Ng, mace ta farko da ta taɓa zama babbar manajar ƙungiyar besbol a babbar gasar Amurka, kuma hukumar wannan babbar gasa ta besbol, Major League Baseball, ta zuba jari a cikinta, abin da gasannin baya ba su samu a wannan mataki ba. Matsakaicin albashinta a kakar farko yana kusa da dala 40,000, wanda ya fi na da, amma bai kai kashi 5 cikin ɗari na abin da Canady ta karɓa tana ɗaliba ba. Sofbol zai koma Olamfik a gasar Los Angeles ta 2028, za a buga wasannin a birnin Oklahoma, kuma Gasso ce aka naɗa ta horar da tawagar Amurka. A lokacin Alo za ta kasance tana da shekara 29, shekarun da mai bugun besbol namiji yake tsakiyar ganiyarsa da kwantiragi mafi tsoka a rayuwarsa, kuma tawagar da ta je Tokyo mutum 15 ce kacal, adadin da yake sa mai horarwa ta fifita wadda za ta iya tsaro da bugu a kan wadda bugu kaɗai ne aikinta.